Tafkin da Ba a Tuɓe Riga

Ranar tun la'asar ake ruwa, wuta kuma ta ɗauke, sai muka taru a zauren Goggo Indo a Bichi, inda Yaya Ashiru yake dafa shayi. Ɗan yayan babanmu ne, shi ne babba a cikinmu. Ya daɗe yana zuwa Japan sayo tsofaffin injinan mota wa wani Alhaji a Ƙofar Ruwa. Rana ɗaya ya daina, bai taɓa faɗa wa kowa dalili ba. 'Yarsa tana barci a kan tabarma, ta yi matashi da cinyarsa. Shi dai 'Yar Baba yake ce mata.

Butar ta tafasa. Ya sa hannu ya ɗauke ta daga kan garwashi, ba tsumma ba komai, ya ɗora gindinta a tafinsa yana jiran kofuna.

Sa'ade ta ce, "Yaya, wai kai ba ka jin zafi ne?"

"Ba na ji."

Nafi'u ya ce, "Asiri ne?"

"Asirin gidanku. Miƙo kofin."

Ya zuba wa kowa. Ya kalli garwashin, sannan ya ce, "Kun girma. Bari in faɗa muku. Amma a rage murya, kada ta farka. Kuma kada wanda ya katse ni, ba na son maimaitawa."

*

Kun san ina Japan uwar yarinyar nan ta rasu. Wajen haihuwa.

Ina kwance ƙarƙashin wata mota, a filin da ake farfasa tsofaffin motoci, sifana a hannuna, waya ta yi ƙara. Wana ne, Yaya Tukur. Ya ce, "Ashiru, sai haƙuri. An samu mace. Uwar ba ta tashi ba. Yanzu muka dawo daga maƙabarta."

Na ce, "To." Na ce, "Allah ya jiƙanta." Na mayar da wayar aljihu, na ƙarasa kwance notin da nake kwancewa.

Ban yi kuka ba. Abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa. Wani abu dai ya zo ya zauna mini a ƙirji kamar dutsen niƙa. A lokacin ina tuna ta. Na san ina tuna ta. Na san akwai wata magana da take faɗa duk sanda ta ajiye mini abinci, kuma maganar ce ta hana ni barci. Yanzu ko wuƙa za ku sa mini ban san ko mece ce ba. Za ku ji dalili.

Yaya Tukur ya yi ta kira. "Suna ya matso. Me za a raɗa wa yarinyar?" In ce, "Zan kira ka." Ba na kira. A zuciyata na san sunan uwarta zan mayar mata. Faɗar ce ta gagare ni, don in na faɗa, ta tabbata ke nan an binne ta.

Mai filin wani tsoho ne, Morita. Ba ya magana sai ta kama. Ya lura da ni, ya tambaye ni da ɗan Turancinsa, na faɗa masa. Ya zare sifanar daga hannuna. Ya ce ƙanwarsa tana da ƙaramin masauki a cikin duwatsu, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. In je in kwana, in shiga ruwan, sannan in tafi gida. Shi ya kai ni tashar jirgin ƙasa da kansa. Ni dai duk inda aka tura ni a lokacin, tafiya zan yi.

Daga jirgi na shiga bas. Ana sauka, ana sauka, har ya rage ni kaɗai da direba. Ƙauyen duk tsofaffi ne. Rabin gidajen a rufe. Gonakin shinkafa sun yi fari fat da ƙanƙara. Ko kukan kaza babu.

Masaukin gidan katako ne, ƙofofinsa na takarda. Ɗakin babu gado, tabarma ce mai kauri. Ko'ina warin farar wuta, kamar ƙwai ya ruɓe. Wanda ya taɓa zuwa Wikki, a gandun dajin Bauchi, ya san ruwan ɗumi. To wannan ba ɗumi ba ne, tafasa kawai ya rage ya yi.

Ƙanwar Morita ta tare ni a bakin ƙofa, 'yar tsohuwa ranƙwafaffiya. Ta durƙusa, ta ɗauki takalmana, ta juya bakinsu waje. Ba ta jin Turanci, ni kuma Japanancina na inji ne. Sai hannu. Ta ba ni wata riga mai buɗaɗɗen gaba da ɗamara. Ta gwada mini yadda ake naɗa ta a jikinta, ta sake gwadawa. Idona yana kanta, hankalina ba ya nan.

Ta kai ni wurin wankan maza, ta tsaya a waje. Na leƙa. Dattawa ne, sa'annin Baba, tsirara haihuwar uwarsu, suna zaune cikin ruwa suna hira kamar a majalisa. Ɗaya har ya ɗaga mini hannu. Ni ɗan Bichi in tuɓe a gaban waɗannan? Nafi'u, daina dariya, kai ma da ka juyo. Na juyo.

Muna komawa, ta tsaya a wata taga. Ta nuna mini wata siririyar hanya a bayan gidan, ta gangara wajen kogi. An gitta igiyar kaba a bakinta, da fararen takardu a rataye. Can ƙasa tururi yana tashi. Ta haɗa hannuwanta biyu ta gitta su a ƙirji, ta girgiza kai. Na gyaɗa nawa. Na ɗauka santsi take nufi.

Da yamma Yaya Tukur ya sake kira. Ya ce, "Gobe fa suna. Rago yana ɗaure. Liman ya tambaya."

Na ce, "Zan kira ka."

Almuru ta kawo jiki. Na ji dattawan sun wuce cin abinci. Na ce bari in je in yi wankana a inda ba kowa. Na sa rigar. Na shigar da ɓangaren hagu ciki, na ɗora na dama a sama, na ɗaure. Ai haka aka koya mana tun muna yara, komai dama ce a sama. Ban yi tunani ba ma, hannuna ne ya yi.

Na san maganar Goggo. Ba a wanka da almuru. Ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla. Ga shi nan dutse guda yana zubar da ruwan zafi dare da rana, babu mai cewa komai. Na tuna duk wannan. Bai dame ni ba. Na zura takalman katako da ke bakin ƙofar baya na fita.

A bakin igiyar akwai mutum a tsaye. Tsoho, siriri, rigarsa fara har ƙasa. Ya ce, "Sannu da zuwa. An sha hanya."

Na ce, "Yauwa, sannu Baba."

Da Hausa. Hausar gida ma, irin ta tsofaffinmu. Kuma ban yi mamaki ba, ku dubi yadda na koma.

Bai kalli fuskata ba. Ƙirjina ya kalla, inda rigar ta haɗu. Tasa ma haka take, dama a sama. Ya gyaɗa kai.

"Kai namu ne. Taho."

Na ce, "Can ciki tuɓewa suke yi."

"A nan ba a tuɓewa."

Jin haka na sunkuya na wuce ta ƙarƙashin igiyar.

Yana gaba ina binsa. Takalmana suna ƙwas, ƙwas a kan dutse. Nawa kaɗai. Sanyi ake sosai, duk numfashin da na yi sai hayaƙi ya fito. Shi babu. A nan ne wani abu ya ɗan taɓa ni, na ce bari in duba ƙafa. Na duba. Tururi ne a ƙasa, rigar kuma doguwa. Ban ga kofato ba. Hankalina ya kwanta. Abin da aka koya mana ke nan, a duba kofato. Ba wanda ya taɓa ce mana a duba ko akwai ƙafar ma.

Tafkin na dutse ne, a gefen kogi, bai fi zauren nan girma ba. Akwai mutane a ciki. Sun kewaye bakinsa, kawunansu kawai ake gani da kafaɗun fararen riguna. Ba mai magana. Ruwan kuma ko motsi ba ya yi. Mutum ya zauna a ruwa ai dole ruwan ya ɗan girgiza. Wannan shiru.

Tsohon ya shiga da rigarsa. Na cire takalma na bi shi.

Zafin ya cije ni a tafin ƙafa, sau ɗaya. Sai ya ɗauke. Ba wai na saba ba, ƙafar ce na daina ji. Na ƙara taku, ruwa ya kai gwiwa. Gwiwar ta tafi. Ya kai ƙugu.

Ya ce, "Me ka ɗauko?"

"Ba komai."

"Ba a zuwa nan ba kaya. Faɗi, ruwa ya karɓa."

Ina da ciwon baya tun wata rana da na ɗaga inji ni kaɗai. Na ce, "Bayana."

Ban rufe baki ba ciwon ya bar ni. Har yau bai dawo ba.

Ya ce, "Wannan ƙarami ne. Na ƙirjin nake nufi."

Ruwa ya kai mini ciki, ban san na ƙara taku ba.

Na ce, "Matata."

"Kowa a nan da tasa. Sunanta."

Na faɗa. Har da sunan babanta na haɗa.

Wani zobe ya tashi a kan ruwan daga ƙirjina, ya bazu har bakin tafkin. Shi ne motsi ɗaya da na ga ruwan ya yi. Dutsen nan ya sauka. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji. Na ja numfashi har ƙasa, abin da na yi kwanaki ban yi ba. Na zauna a kan wani dutse, ruwa ya zo mini wuya. Barci ya fara ɗibata.

Ya ce, "Saura."

"Babu."

"Akwai. Ƙarama ce, amma za ta yi nauyi."

Na ce, "Jaririya."

"Sunanta."

"Ba a raɗa ba. Sai gobe."

"Kai ne uba. Raɗa yanzu."

Kawunan nan duka suka juyo. A hankali, kuma ruwan bai motsa ba.

Na ce, "Sunan uwarta zan mayar mata."

"To faɗe shi."

Na buɗe baki. Wallahi da niyyar faɗa na buɗe. Babu. Na laluba, na laluba. Kun san in an cire wa mutum haƙori ya kai harshe wurin? Haka. Na san wurin, na san akwai abu a da, ba ya nan. Na nemi fuskarta. Babu. Na nemi muryarta. Na nemi ranar ɗaurin aurenmu, na ga Baba, na ga liman, na ga har motar da aka kawo amarya. Aka buɗe motar, ba kowa.

"Faɗe shi, ka nutsa kai, ka huta."

Wannan karon na lura bakinsa a rufe yake. Tun ɗazu ma a rufe yake. Muryar daga cikin ruwan take fitowa, ta kusa da kunnena. Kuma akwai gaggawa a cikinta.

Na sunkuyar da kai. Ruwan garai-garai yake, kana ganin kowane tsakuwa a ƙasa. Ga ƙafafuna nan biyu, sun yi ja. Na dubi nasa. Rigar ta sauka, ta sauka, ta ƙare tana lilo. Ba komai a ƙarƙashinta. Na dubi na kusa da shi, na dubi na gaba. Duk tafkin ƙafafu biyu ne.

Za ku ce tsoro ya kama ni. Bai kama ni ba. Ba ni da wurin jin tsoro a lokacin. Abin da ya zo mini shi ne zauren nan. Wannan da muke ciki. Na ga gobe da safe an shimfiɗa tabarmi, an raba goro, liman ya juyo ya ce, "Me aka sa wa yarinyar?" Yaya Tukur yana ta danna waya. Yarinya ba uwa, ba uba, ko suna babu. Kuma na gane da sunan nan ya zo bakina, da ita ma ta bi uwarta cikin ruwan nan, da na nutsa kai ban san na bar kowa a baya ba.

Na miƙe.

Ya ce, "Waje da sanyi."

Na ce, "Ana jirana."

"Wa?"

Na kusa amsawa. Na kama bakina da hannu biyu na juya.

Ba wanda ya riƙe ni. Ina fita na ji muryar a bayana, ba fushi a cikinta. "Abin da ka ajiye yana nan. In ka gaji ka dawo."

Na hau hanyar ba takalmi. Ƙafafuna kamar na aro. Ina taka ƙanƙara ba na jin sanyi. Sai da na yi rabin hanya a'uziyya ta zo bakina, na yi ta yi. Ban waiwaya ba.

Tsohuwar tana tsaye a bayan igiyar da fitila, tana ta kiran sunana yadda harshenta ya iya. Ba ta tsallako ba ko da taku ɗaya. Ina sunkuyowa ta haska ƙirjina. Ta saki wani ɗan sauti. Ta ajiye fitilar, ta fizge ɗamarar, ta juya rigar, dama ciki, hagu a sama, ta ɗaure tamau. Ta ɗebo gishiri daga aljihunta ta watsa mini a kafaɗu. Ta yi ta dukan ƙirjina da tafin hannu tana kuka. Ina ganin hannun yana sauka, ba na jin komai.

Daga baya Morita ya yi mini bayani. Ya ce a wurinsu mai rai hagu yake ɗorawa a sama. Gawa ake naɗe wa riga dama a sama. Ya ce tafkin can kuma, tun yana yaro ba a zuwa. Na tambaye shi dalili. Ya ce in shirya kayana.

A daren na kira Yaya Tukur. Na ce, "A mayar mata da sunan uwarta."

Ya ce, "Madalla. Allah ya raya mana..." Sai na ji kamar an tsiyaya ruwa a kwalba. Sannan muryarsa ta dawo. Na ɗauka layi ne ba kyau.

Da na dawo gida na gane ba layi ba ne.

*

Ruwa yana ɗiga daga indararo. Shayin kowa ya huce, ba wanda ya sha.

Sa'ade ce ta kasa haƙuri. Ta matso, ta ce a hankali, "Yaya. Ramlatu."

Ya kalli bakinta.

"Na ga ya motsa," in ji shi. "Kowa ya gwada. Goggo ta gwada, malamai sun gwada. Hoton matar tawa yana ɗakina. An ce tana da kirki. Ina kallo in ce, lallai wannan baiwar Allah tana da wushirya. Shi ke nan."

Nafi'u ya ce, "Amma ai ka huta, Yaya. Ba ka ji zafin rasuwar ba."

"Na huta." Ya juya butar a hannunsa. "Ranar da Goggo ta ga yarinyar nan ta fara tafiya, kuka ta yi, wai tafiyar uwarta sak. Ina tsaye ina kallonsu. Da za a dawo mini da dutsen nan, Nafi'u, da gudu zan karɓa. Kuna zaton kunya ce ta sa nake ce mata 'Yar Baba. Ni na ce a sa mata sunan, ban taɓa kiranta da shi ba."

Ya ajiye butar.

"Ku dai ku ji. Duniya ta buɗe, wani cikinku zai je inda ban je ba. In mutanen gari suka gitta igiya a hanya, kada ka tsallaka, balle kai kaɗai, balle da almuru. In an gwada maka yadda ake sa rigar wuri, ka buɗe ido. In kuma wani ya ce kawo kayanka in karɓa maka, ya nemi suna, ka rufe bakinka ka ɗauki abinka."

Yarinyar ta motsa, ta yi tari. Ta buɗe ido ɗaya.

"Baba, wa ya kira ni?"

"Ba kowa, 'Yar Baba. Koma barci."

Ta koma. Tun yamma take wannan tarin. Ya ɗora tafinsa a goshinta yadda iyaye ke yi, sai ya janye shi. Ya ranƙwafa a hankali har ya kai kumatunsa kan goshin, ya daɗe a haka.

"Nan kaɗai ruwan bai taɓa ba," in ji shi. "Jikinta da zafi. Sa'ade, je ki tayar da Goggo."